Kakana da Gidajen Ƙaya

Daga Allah muka fito, kuma wurinsa ne makoma. Kakana na wajen uwa ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, bayan an gama shigar da gero rumbu, a ƙauyenmu da ke kusa da Dudunni. Kafin azahar mun kai shi. Ban yi zaton labarin zai wuce unguwanni uku ba, don shi ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, bai kuma bar abin da magada za su yi jayayya a kai ba. Amma kashegari sai ga mutane daga Kusada, daga Bauranya, har daga Kankiya, wasu a kan jaki, wasu a ƙasa. Tabarmin gidan suka ƙare, aka aro na masallaci.

Wani tsohon majemi da ya zo daga Kankiya ya zauna ya yi addu'a, sannan ya ce shekara da shekaru idan fata ta ƙi jemuwa wurin Kaka yake kawo 'ya'yan bagaruwar da ya jiƙa ta da su. Shi kuwa sai ya ɓantara, ya ɗanɗana, ya gaya masa ko ɗanyu aka tsinke su ko kuwa sun sha raɓa a ƙasa. Liman ya ce ƙaron da yake haɗa tawada da shi tun yana saurayi daga hannun mamacin yake fitowa, bai kuma taɓa ba shi wanda ya sa rubutu ya zube a allo ba. Wani Bafulatani da babu wanda ya san sunansa cikinmu ya tsuguna can gefe da sandarsa, ya ce a shekarar da rani ya yi tsawo Kaka ne ya nuna masa inda gawo ya zubar da 'ya'ya, shanunsa suka rayu. Yana gama faɗin haka ya shafa fatiha ya tashi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Har dariya aka yi a zaman makokin, liman yana hararar mutane yana danne tasa. Kawuna ne ya tuno ranar da suka tafi Juma'a Kusada, Kaka ya hangi shingen wata gona an yi shi da ƙayar da ba ta dace ba, ya tsaya yana warwarewa yana gyarawa yana mita, har aka idar da salla. Mai gonar bai san shi ba, kuma har yau bai san wanda ya gyara masa shinge ba.

Da na shiga cikin gida gaida mata, ƙanwar kakata mace, wadda ta zo daga Bauranya da safiyar nan, ta kama hannuna ta riƙe. Ta daɗe ba ta taka garinmu ba, labarin da ke hannunta na da ne. Ta dube ni, idonta ya cika, ta ce, "Allah sarki, ɗan nan. Ya tahi shina ce maka Malam."

Ɗakin cike yake da mata. Na san abin da take nufi, duk wadda ke ɗakin ma ta sani. A wurinmu kaka ba ya girmama jika. Zagi ne tsakaninsu da tsokana, tun daga ranar suna har ranar da ɗaya zai kai ɗaya maƙabarta. In ka ga kaka ya sa an shimfiɗa wa jikansa tabarma yana ce masa ranka ya daɗe, to an yi ɓarna babba. Ni kuwa shekara biyar Kaka ya yi yana girmama ni, kuma ni na jawo wa kaina. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, don kuma in faɗi yadda muka ƙare, tunda abin ya tsaya wa dangi a rai.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga saurin tafiya kamar an aike shi. Noma yake yi irin na kowa, gero da dawa da wake, amma abin da aka san shi da shi ƙaya ce. Daga wuyan hannunsa zuwa gwiwar hannu duk tabo ne fari-fari, kuma in kana da lokaci zai nuna maka su ɗaya-ɗaya ya gaya maka itacen da ya yi masa kowanne. Ba ya fita sai da gatari a kafaɗa da gwafa a hannu, sandar nan mai baki biyu da ake danne ƙaya da ita. Kakata takan ce ita dai ta san matsayinta a gidan, daga gwafa sai jaki sai ita.

Ba ka isa ka ce ƙaya kawai a gabansa ka wuce ba. In ka zo kana ɗingishi ka ce ƙaya ta soke ka, ba zai ce maka sannu ba sai ka faɗi wacce. In ka faɗi daidai ya cire maka ita da kansa. In ka yi kuskure ma zai cire, amma za ka sha karatu har ka gwammace da ka bar ta a ƙafar.

Ya raba su gida-gida kamar yadda ake raba dangi. Gidan farko na masu miƙaƙƙiyar ƙaya ne, bibbiyu a gindin ganye: bagaruwa, wadda shi gabaruwa yake ce mata irin na mutanenmu, da farar ƙaya, da dushe mai jan jiki. Furensu dunƙule-dunƙule yake. Waɗannan, in ji shi, masu gaskiya ne, tun daga nesa kana ganin makaminsu, in sun soke ka laifinka ne. Gida na biyu na masu ƙugiya ne: dakwara mai ƙaya uku-uku wadda ke ba da ƙaro, da ƙumbar shaho, da sarƙaƙiya. Furensu dogo ne kamar 'yar zangarniyar gero. Su ba suka suke yi ba, riƙewa suke yi, in ka ja su ƙara kama ka. Gawo kuwa ya hana shi gida. Ƙayarsa miƙaƙƙiya irin ta gidan farko, furensa irin na gida na biyu, ga ɗabi'ar da babu mai ita: damina ta zo kowa ya yi ganye shi ya zubar, rani ya zo kowa ya bushe shi ya yi kore shar. Agola yake ce masa. Amma ya fi son agolan nan da duk 'ya'yan gidan, bai kuma taɓa ɗora masa gatari ba.

Sunan itace ma yana da ra'ayi a kansa. Yakan ce wanda ya sha wuyar itace shi ke raɗa masa suna. Sarƙaƙiya wanda ya sarƙe a cikinta ya fito ba riga ne ya sa mata, ƙumbar shaho kuwa mai kaji ne, wanda ya ga yadda ake ɗauke masa 'yan tsaki. In aka tambaye shi to dakwara fa, daga ina sunan ya fito, sai ya ce ranar da aka yi sunanta ba a kai masa goro ba.

Duk wannan hira ce a wurinsa. Aikin da ya ɗauka da nauyi shi ne na maƙabarta. A lokacin kuraye sun yi yawa a dajinmu, har yanzu ma ba su ƙare ba, don haka idan an rufe kabari dole a lulluɓe shi da ƙaya. Duk wanda ya rasu a garinmu cikin shekara arba'in, Kaka ne ya saro ƙayarsa, kuma sarƙaƙiya kaɗai yake sawa. Dalilinsa shi ne miƙaƙƙiyar ƙaya kowane reshe zaman kansa yake yi, kura za ta kama gindinsa da haƙori ta janye shi gefe, ta dawo ta ɗauki na biye. Sarƙaƙiya kuwa rassanta kama juna suke yi su zama abu guda, in ta ja ɗaya sauran su rufe mata baki. Yakan jera su gicciye, ya tura gindayen ciki, ya danne da gwafa, sannan ya zagaya sau biyu yana jan gefe-gefe ya ji ko akwai inda ya saki. Sarƙaƙiya kuwa ba ta fita a gonakinmu, sai a dajin da ke gabas da gari, a bakin wata ƙorama.

Ba ya duba wane ne mamaci. Wata shekara wata baƙuwa mai taɓin hankali ta yada zango a bakin kasuwa, ta kwana biyu ta cika, ba wanda ya san garinsu. Mutum biyar ne suka kai ta. Kaka ya saro mata ƙayar da ta kai ta mai gari yawa, bayan wata guda kuma ya koma ya ƙara mata sabuwa. Da innata ta ce ai ta farko ma ta isa, sai ya ce masu dangi ana leƙa su, ita wa zai leƙa ta.

Ni ne jikansa na fari, don haka ni ne abokin gabarsa. Ya ce ina zagaya masa mata, na ce matar ce ta gaji da tsoho mai warin itace. Ranar ɗaurin aurena ya tashi a gaban jama'a ya ba surukaina haƙuri, ya ce an cuce su, yaron nan in an ba shi fartanya sai an nuna masa inda ake riƙewa. Da na gama elemantare a Kankiya na yi 'yan shekaru ina rubutu a ofis, aka ba ni kaki aka ce ni ne malamin daji na yankinmu. Na zo gida da shi a jikina, an goge shi yana ƙyalli. Kaka ya zagaye ni yana shafa gemu, ya ce tunda Turawa suka ɗauki mutumin da bai san dushe da dakwara ba suka damƙa masa daji, lalle mulkinsu ya kusa ƙarewa. Na ce hassada ce, don shi bai taɓa sa wando mai aljihu ba. Ya bi ni da gwafa har zaure, kakata tana dariya tana cewa ya bar mata angonta.

Shekarata biyu a aikin sai ga Baturen daji ya zo rangadi. Wani siriri ne mai jan wuya, yana tsinkar ganye da fure yana danne su cikin takardu tsakanin alluna biyu. Ya ce in nemo masa wanda ya san itatuwa. Ni kuma don in nuna gidanmu ba na banza ba ne, sai na kai shi wurin Kaka. Kwana uku muna yawo a dajin gabas, ina yi musu tafinta. Gaskiya Baturen mutumin kirki ne, yana tsugunawa ya saurara, kuma a ransa son sani yake yi. Kaka ma ya ji daɗinsa, don bai taɓa samun wanda ya riga shi tambayar wacce ba. Ya nuna masa ƙayar dakwara, biyu na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, Baturen ya zana ta a littafinsa yana kaɗa kai.

Rana ta uku muna hutawa a gindin wata bagaruwa, Baturen ya ce a littattafansu duk waɗannan itatuwa dangi ɗaya ne, suna ɗaya ke kansu, Akasiya. Kaka ya sa na maimaita masa sunan sau uku, sannan ya tambaya wa ya raɗa, kuma me yake nufi. Baturen ya ce daga tsohon harshen Yunanawa ya fito, daga wata kalma mai nufin tsini ko ƙaya. Ya ce bagaruwar ƙasar Masar aka fara kira da shi, don mutanen da suna magani da ita, daga baya masana suka tattaro duk masu irin ganyenta da irin kwanson 'ya'yanta suka zuba su ƙarƙashin sunan. Kaka ya riƙa wasa da ƙasa da bakin gwafa. Can ya ce, "Tambaye shi. Sun ƙetaro ruwan gishiri, sun taho har nan, abin da sunka gano shi ne tana da ƙaya? Ai jakina ma ya san wanga."

Na juya na ce wa Baturen tsoho ya yaba da ilminsu. Ashe yana jin Hausa fiye da yadda yake nunawa, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce kowane itace yana da suna na biyu da ke bambanta shi da 'yan'uwansa. Kaka ya ce wannan ya ji, amma gawo fa, wa ya shigar da shi gidan da ba na ubansa ba? Baturen ya ce a kan gawo ko masanansu gardama suke yi, wasu sun ce a fitar da shi a ba shi gidan kansa. Wata guda Kaka ya yi yana ba da labarin nan a bakin masallaci, yana cewa malaman Turawa suna can suna gardama a kan abin da shi ya gama tun kafin ya yi aure.

Ni kuwa sunan nan ɗaya ya shiga kaina. Na ga ya fi tsabta, ya fi kama da ilmi, kuma ya fi sauƙin rubutawa. Na riƙa faɗinsa a kasuwa ina gyara zaman hula. Kaka ya laƙaba mini shi, har yara suka ɗauka, ban damu ba, daɗi ma nake ji.

Shekarar da ta biyo aka shata dajin gabas ya zama gandun daji. Ba sara, ba ƙona gawayi, sai da takarda daga Kankiya. Kaka bai yi fushi ba, ya ce dajin ma ya gaji, yana bukatar hutu. Idan aka yi rasuwa yakan ɗauki gatarinsa ya shiga, ni kuma in sami abin da zan duba a yammacin gari. Haka muka yi ta yi har wani mai duba aiki ya ga kututture sabon sara a bakin ƙorama. Aka kira ni ofis aka ja mini kunne, aka ce in aka sake gani in ajiye kakin. Na dawo gida da tsoro a cikina, ban gaya wa kowa ba.

Kwana takwas da wannan kakata ta rasu. Kaka kuwa yana kwance, kurkunu ya kumbura masa ƙafa, ko tsayuwa ba ya iyawa, daga kan tabarma ya yi mata addu'a aka fita da ita. Samari uku suka ɗauki gatura suka nufi gabas. Na sha gabansu a bakin gari. Na ce takarda ba za ta samu a yau ba, gawa kuwa ba ta jira, ga farar ƙaya nan jibge a gefen gonar kawu, su saro ta. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai tsoho ba ya sa ta. Na ce ƙaya ai ƙaya ce, a littafi duk gida ɗaya ne. Ina sanye da kaki, kuma kakata ce, ba wanda ya ja da ni. Muka jibga mata farar ƙaya har ta fi ƙugu tsawo, fara fat, gwanin kyau a ido. Da muka dawo Kaka ya tambaya an sa ƙaya, kawu ya ce an sa.

Safiya ta uku wata mata da ta fita neman itacen girki ta dawo da gudu. Rassan da ke kan kabarin kakata duk kura ta janye su gefe ɗaya-ɗaya, ta tone ƙasar har ta kai ga itatuwan da aka jera a bakin ramin. Allah ya tsare, iyakar inda kurar ta kai ke nan. Kaka ya sa aka ɗora shi a jaki. Muka bi shi a baya. Ya daɗe yana kallon kabarin matarsa ta shekara hamsin, sannan ya sa aka miƙo masa reshe ɗaya, ya jujjuya shi, ya tambaya wa ya ce a sa wannan. Na ce ni ne. Na so ya zage ni, na so ma ya ɗaga gwafar nan ya sauke mini a ka. Sai ya ajiye reshen a hankali ya ce, "To, Malam. Ku ne masu littahi."

Daga nan ya juya jakin gabas. Da ƙafar nan tasa, a zaune a ƙasa, ya sari sarƙaƙiya, kawu yana ja masa. Na matso in karɓi gatarin. Bai ɗago ba ya ce, "Ranka shi daɗe, in kamu za a yi, a bari in gama."

Shekara biyar ɗin daga ranar suka fara. In na shigo gidan sai ya tattara ƙafafunsa, ya ce a kawo wa Malam tabarma, mai kyau ɗin. Ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi aiki, ya yi mini addu'ar ƙarin girma. Ranar salla, da jikoki ke layi suna karɓar zagi, ni sai ya ba ni hannu biyu. Na gwada duk dabarar da na sani. Na ɓoye masa gwafa a bayan rumbu, sai ya aiko innata ta tambaya cikin ladabi ko Malam ya ga inda aka ajiye ta. Na ce masa tsufa ya sa kunnuwansa sun yi tsawo, ya ce gaskiya ne, Allah ya ba mu cikawa da imani. Na tura liman ya ba shi haƙuri, ya ce ai tun a ranar ya yafe, shi ba ya riƙo, balle da hukuma. Na kuma yarda ya yafe ɗin, don Kaka ba ya ƙarya. Wasan ne dai ya mutu a bakinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'ya'yana. Su yana tsokanarsu, yana ce wa babbar mummuna, yana ce wa ƙaramin ɓarawon ƙuli-ƙuli, suna hawa bayansa suna ja masa gemu. Ni ina zaune a kan tabarma mai kyau ina kallo. Ba na jin kunyar faɗi, na yi kishin 'ya'yan cikina. Tun daga ranar kabarin kakata ban sake tare kowa a hanyar gabas ba, kuma ya sani, amma bai canza komai ba. Na koyi gidajen nan nasa da kaina, ina yawon aiki ina duba fure da ƙaya, har na iya bambanta su da shafa. Babu wanda zan nuna wa.

A shekara ta biyar idonsa ya tafi, jikinsa ya yi sanyi. Bana ko gona bai leƙa ba. Wata safiya bayan girbi innata ta ce yana nemana. Na iske shi a ƙofar ɗakinsa yana shan hantsi, an riga an shimfiɗa tabarmar. Bayan doguwar gaisuwa sai ya gyara zama irin na mai kawo kuka gaban alƙali, ya ce, "Malam, roƙo gare ni wurin hukuma. Tahiyata ta matso. Ina son a ba ni takarda tun yanzu, a saro mani sarƙaƙiya a aje. Kada ranar ta zo a sa ka cikin wahala."

Ban taɓa jin magana ta soke ni kamar wannan ba. Mutumin da ya rufe kaburburan gari guda yana roƙon jikansa takarda don nasa. Na tashi na shiga ɗakinsa na ɗauko gatarin da gwafar, na fita.

Ranar kasuwa ce, kuma kakin yana jikina. Na shiga gandun ta babbar hanya, na sara har rana ta take, na ɗaure da igiya na jawo. Hanyar gida ta tsakiyar kasuwa ta bi, ban kuma kauce ba. Mutanen da na taɓa ƙwace wa gatari suna zaune a rumfuna suna kallon malamin daji yana jan sarƙaƙiya, riga a yage, hannu duk jini. Wani ya ɗaga murya ya tambaya ko ina da takarda, kasuwa ta ɗauki dariya. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kankiya, aka kira ni, na ajiye musu kakinsu a kan tebur. Yanzu noma nake yi, kuma surukaina sun tabbatar da abin da aka gaya musu game da fartanya.

Amma a ranar ba aikin ke raina ba. Na jawo ƙayar har gabansa na ce ga ta. Ya tambaya wa ya saro, na ce ni. Ya tambaya takarda fa, na ce babu. Sannan ya miƙa hannu ya lalubo reshe, ya bi shi da yatsa daga sama, yadda ƙugiyoyin ba za su kama shi ba, har ya kai gindi inda gatari ya ci. Ya shafa wurin, ya sake shafawa. Ya lalubo na biyu, ya lalubo na uku. Ina tsaye, innata tana bakin madafa da ludayi a hannu.

Ya ce, "Wanga sara ne ko cizo?"

Ban gane ba, na ce na'am.

Ya ce, "Na ce sara ne ko cizo? Akuya in ta ci icce ta hi ka barin shi da kyau. Dubi nan, duk ka tsattsage gindin. Ƙaton banza, hannu kamar na mai dama hura. Wagga ko kare ba ta tsarewa, balle kura. Tashi ka koma ka saro wata, shashasha. Ku kuma ku ɗauke tabarmar ga, wa ya ce a shimhiɗa ma wanga raggo tabarma?"

Innata ta saki ludayin ta shige ɗaki, ina jin kukanta ta cikin zana. Ni kuwa na durƙushe a wurin ina dariya, hawaye na zuba, na ce masa makaho ma ya sami bakin raina aikin masu ido. Ya lalubi gwafa zai make ni, ya sami iska.

Na koma gabas a ranar, na sake komawa kashegari, don ta biyun ma ya ce ba ta yi ba. Ta ukun ce ya shafa ya ce a ajiye, ba don ta yi kyau ba, sai don ya gaji da ganin ana ɓarnar daji. Ita muka ɗora masa, ni na jera ta da hannuna. Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da tsohuwarsa a inda babu rabuwa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a duniya bayan ranar kasuwar nan, kuma babu ranar da ta fito ta faɗi bai zage ni ba.